Yadda malamin jami'a zai naɗi darasi a waya don ɗalibansa

Da farko, malam, zaɓi batu ɗaya tak, wanda yake ba ɗalibai wahala a aji. Rubuta muhimman abubuwan a takarda.

Sai ka nemi ɗakin da babu hayaniya. Kashe fanka, rufe taga, ka jira janareta ya yi shiru, domin ƙarar nan ce ke sa ɗalibi ya daina sauraro tun ba a je ko'ina ba. Ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka, ka yi magana tamkar ɗalibin na zaune a gabanka. Kada ka wuce minti 10.

Daga nan tura sautin da ka naɗa zuwa kwamfuta, buɗe shi a Audacity, manhajar gyara sauti, kyauta ce, ka yanke tari da kame-kame.

Adana shi a MP3 don kada ya cinye musu data, sannan ka tura zauren WhatsApp na ajin.