Kafin ɗalibi ya zana gida, ya fara haɗa unguwar da kwali

Malamai 'yan'uwa, kada ɗalibi ya ja layi ko ɗaya sai ya haɗa samfurin unguwar da kwalin taliya, a ma'aunin 1:200, wato kowace santimita ɗaya a kwali tana matsayin mita biyu a ƙasa.
Ba filinsa kaɗai ba. Har gidajen maƙwabta, da lungu, da masallacin bakin titi.
Kwalin, masu shago za su ba ku, gam kawai za ku saya.

Sai ku fitar da shi rana, ku daidaita arewa da kamfas ɗin waya.
Ku duba da hantsi, da azahar, da la'asar.
Nan take yaro zai ga benensa ya tsare wa maƙwabci rana, tagarsa kuma tana leƙa tsakar gidan mutane, inda mata ke girki.
Ni kam na sha yin wannan bayani a allo, kwali ya fi ni iya magana.

Amma gwajin yini ɗaya ba ya nuna shekara.
A Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana tana karkata arewa da tsakar rana, sauran watannin kuma kudu.
In kun gwada a Disamba, ku sake a Yuni.
Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, inuwa ba ta fita sosai, ku bari sai ya washe.