Yadda Za Ka Yi Wa Ɗan'uwan Da Bai Yi Imani Ba Maganar Addini

Zaɓi lokacin da kuke ku biyu kawai, kada ka tayar da zancen wajen biki ko cikin taron dangi, domin kunya takan sa mutum ya kafe. Fara da tambayarsa abin da ya dame shi, ka bari ya gama ba tare da ka katse shi ba. Batu ɗaya ya isa a zama ɗaya. Idan ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayi malami.

Rufa masa asiri, domin yayata maganar na iya jefa rayuwarsa cikin haɗari. Annabi (SAW) ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta mushrika, don haka kada ka yanke ziyara ko taimako.