Kurakuran da muke yi kan yadda jiki ke fitar da datti

Tambayi mutum ta ina datti ke fita daga jikinsa, ban-ɗaki zai nuna maka. Huhu ba ya zuwa masa a rai. Alhali babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma duk iskar da ya fitar tana ɗauke da kabon dayoksaid, wato abin da ya rage bayan jiki ya ƙone abinci. Hatta kitsen da mai ƙiba ya zubar, yawancinsa ta numfashi ya fita. Saboda haka masu ɗaura leda a ciki su yi ta gudu da tsakar rana wai don gumi ya narkar da tumbi, wahala kawai suke sha. Gumi ruwa ne da gishiri, aikinsa sanyaya jiki.

Da hunturu kuma sai ka ga an kai kaskon gawayi ɗaki, an toshe taga, an kwanta. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar iskar shaƙa, mutum ya wuce cikin barci. A fitar da kaskon kafin a kwanta, janareta ma wajen gida ne wurinsa.

Inda aka fi ɓarna shi ne ƙoda. A kullum ƙodoji biyu na tace kimanin lita 180 na ruwan jini, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. A cikinsa ne gubar da hanta ta sarrafa daga nama da wake take fita. To ga direba ya ƙi shan ruwa tun daga tasha don kada ya tsaya a hanya, ga mai shago tana riƙe fitsari har la'asar saboda kada ciniki ya wuce ta. Ga lebura da ke haɗiyar Diclofenac, maganin ciwon jiki, kowace safiya kamar gyaɗa. Duk ƙoda ce ke biyan bashin. Ka riƙa duba fitsarinka: in ya yi duhu kamar shayi, ƙara ruwa, in yana yawan kumfa ko ƙafafu sun kumbura, asibiti za ka nufa, musamman mai hawan jini ko ciwon suga.

Shi kuwa wankin ciki da ake saya a jarka, gudawa ce ka sayo da kuɗinka. Hanji na son ganye, wake, 'ya'yan itace da ruwa. In ciki ya ɗaure kwanaki, likita ya duba.