Yadda zaka ziyarci garin Taal a Filifin in kana tasowa daga Sakkwato

Wanga rubutu don 'yan'uwa ne masu yara da ƙanne can Filifin suna karatu, kun san yanzu sun yi yawa, musamman masu karatun likita da na nas. In Allah ya kai ka can kada ka ƙare kwanakinka duka cikin Manila kana zagayen manyan shaguna, ware kwana ɗaya ko biyu ka tai Taal, wani tsohon gari ne a lardin Batangas kudu da Manila. Ni ƙanena ne yak kai ni kuma har yau ban yi nadama ba.

Biza dai a Abuja ake yinta, ofishin jakadancinsu na nan, jirgi kuma sai ka canza a Doha ko Dubai. Filifin sun riga mu da awa 7, don haka in ka kira gida da hantsi to tayar da mutane kake cikin dare. Ka yi ƙoƙari tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin rani ne can, damina tasu kuwa da guguwa take zuwa. Zafinsu ba zai tsorata Basakkwace ba, amma fa zufa ce mai danƙo, ba irin busasshen zafinmu ba.

Daga Manila bas mai zuwa Lemery zaka shiga, awa 2 zuwa 3 gwargwadon cunkoso, Lemery da Taal kogin Pansipit ne kaɗai tsakaninsu, sai ka hau ɗan babur ɗin nan mai akwati a gefe ya ida da kai. Abin da zaka kiyaye shi ne ka ce garin Taal kake so, don sunan guda ne da tafki da kuma dutse mai aman wuta, in ba ka fayyace ba sai a nuna ma hanyar Tagaytay inda masu yawon buɗe ido ke tsayawa ɗaukar hoton dutsen.

Shi dutsen nan shi ne tarihin garin. Limaman Kirista 'yan Sifaniya sun kafa Taal a 1572 bakin tafkin, sai a 1754 dutsen ya yi ta aman wuta wata da watanni har ya binne garin, mutane sunka kwashe sunka koma kan tudun da yake yanzu. Da anka gaya mani shekarar sai da na yi shiru, don 1754 ita ce shekarar da anka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kuma dutsen bai mutu ba, ko a Janairun 2020 ya tashi ya rufe garuruwan yankin da toka, saboda haka ka tambayi halin da yake ciki kafin ka kama hanya.

In ka isa fara da sassafe daga kan tudun, inda cocin San Martin yake, an fara gininshi na yanzu a 1856 kuma ana cewa babu cocin Katolika mai girmanshi a Asiya. Ko daga waje ka tsaya ginin ya isa kallo. Daga nan ka gangaro a ƙafa, gidajen tsofaffin attajirai ne jere, ƙasa dutse sama katako, tagoginsu kuma da ɓawon kawa na teku anka yi su maimakon gilashi, haske na shiga a tausashe. Ka shiga gidan Marcela Agoncillo, yanzu gidan tarihi ne, ita ce ta ɗinka tutar ƙasar ta farko a Hong Kong a 1898 tare da ɗiyarta da wata mata.

Amma ni gaskiya abin da yaf fi tsaya mani a rai masu sana'ar hannu ne, kuma nan nike so ka ɓata lokacinka. Akwai unguwa mai suna Balisong, daga gareta wuƙar nan mai naɗewa ta samo suna, wadda ƙotarta ke rabewa biyu ta rufe kaifin. Na tsaya gaban wani dattijo yana goge ƙotar ƙaho da hannu, sai ya karkaɗa wuyan hannu wuƙar ta buɗe ta rufe kafin in ƙifta ido, wallahi kamar ina Maƙera Assada, har ƙaurin ƙarfen iri ɗaya. Sannan cikin kasuwa akwai masu ɗinkin hannu na rigarsu ta ado barong, wasu a kan yadin da anka saƙa da zaren ganyen abarba, shara-shara kamar ka hura ya tashi. Mai babbar riga ya san yadda zai yi, juya bayan ɗinkin ka duba, nan ake gane aikin hannu da na keke. Ka yi ciniki amma kada ka taya irin tayin Tsohuwar Kasuwa, su ba su saba da rabin kuɗi ba.

Abinci kuma a kula sosai. Naman da garin ke alfahari da shi, tapa da longganisa, na alade ne. Kalma ɗaya ka haddace, baboy, ita ce alade, ka tambaya kafin ka kai loma, har man suyar ka tambaya. Ka nemi tawilis, wani ɗan ƙaramin kifi da babu shi ko'ina a duniya sai tafkin Taal, soyayye ake ci har ƙaya, sai dai Maris da Afrilu an hana kama shi. Ga kofin barako mai ƙarfi, ga panutsa wanda kantun gyaɗa ne kawai da wani suna, shi ne tsarabar yara. Ka riƙe 'yar dardumarka a jaka don salla a masauki zaka yi.

Wuƙar in ka saya, cikin babban akwati take shiga ba jakar hannu ba, kuma ka tambayi kamfanin jirgin da dokar ƙasar da zaka yada zango tun kafin ka biya kuɗinta, don wasu ƙasashen sun hana ta gaba ɗaya.