Yadda Ake Zaɓen Sabuwar Kwamfutar Tebur Don Gida

Duk magidancin da ke Gusau ko Birnin Kebbi, wanda tsohuwar kwamfutarsa ta gaji, ya kamata ya fara tantance aikin da zai ɗora wa sabuwar kafin ya nufi kasuwa. Idan kallon fina-finai ne da karatun yara da shiga intanet, kwamfuta mai ƙwaƙwalwar sarrafa aiki (processor) samfurin Core i5 daga zubi na 8 zuwa sama ta wadatar, tare da RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na gigabait 8 da ma'adanar SSD mai gigabait 256 ko 512, domin SSD ce ke sa kwamfuta ta tashi nan take. Mai son wasannin bidiyo masu nauyi kuwa sai ya ƙara da katin hoto na daban.

A kula da manhaja. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, saboda haka a tabbata wadda za a saya tana ɗaukar Windows 11, musamman idan wadda aka taɓa amfani da ita ce. Kada a biya kuɗi sai mai shago ya kunna ta, an ga sauti na fita, an gwada kafar HDMI da talabijin, sannan an buɗe murfin an duba ko fanka tana juyawa ba tare da ƙara ba.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne wuta da zafi. Ɗaukewar lantarki ba zato tana lalata bayanai, don haka a ware kuɗin UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, tun farko. Ƙurar hunturu kuma tana toshe hanyar iska, ga zafin bazara, sai a ajiye ta kan tebur nesa da bango, a riƙa lulluɓe ta idan an kashe.