Zaɓen ƙarfen ɗora kyamara mai gidan batir a kan sitan

Masu ɗaukar hoton biki da suna a ƙauyukan Ringim, Gumel ko Ɗambatta da yawa suna ɗaura wa kyamara gidan batir na ƙasa, wanda ake ce wa girif, saboda wuta ba ta da tabbas. Yana ba kyamara damar aiki da batir biyu, wasu kuma irin su BG-E8 da BG-E14 na Canon suna da tire na ƙananan batir AA guda 6, waɗanda ko a shagon ƙauye za ka samu. Sai dai da zarar ka ɗaura shi, gindin kyamara ya canza, ta ƙara tsawo da nauyi. Saboda haka idan za ka sayi ƙarfen da zai riƙe ta a kan sitan mai ƙafa uku, lambar girif za ka faɗa wa mai kaya, ba lambar kyamara kaɗai ba. Mai Canon 80D zai nemi na BG-E14, mai Nikon D750 na MB-D16, mai D7200 na MB-D15.

Fara duba kan sitan ɗinka, wato bakin da ke kama faranti, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a gindin kyamara. Iri biyu suka fi yawa: salon Arca-Swiss, mai faɗin kusan milimita 38 da gefe a jirkice, da na Manfrotto mai farantin 200PL. Ɗaya ba ya shiga ɗaya. Kusan duk ƙarfe mai siffar L salon Arca ne, don haka mai kan Manfrotto sai ya sayi ƙarin baki na Arca ya ɗaura a sama, ko ya canza kan gaba ɗaya. Sitan mai araha da farantin roba kuwa, kada ka wahalar da kanka. Ba a yi shi don irin wannan nauyin ba.

Faranti shimfiɗaɗɗe ko mai siffar L? Aikinka ne zai ba da amsa. Idan bidiyon wa'azi ko na taro kake yi, kyamara a kwance take yini, dogon faranti ya ishe ka, irin wanda ake ja gaba ko baya har nauyi ya daidaita. Mai hoton tsaye, na amarya da ƙawaye ko na mahaya ranar hawan Sallah, shi ne ke bukatar L. Dalilin kuwa: idan ka karkatar da kan sitan gefe don hoto ya tsaya, duk nauyin ya bar tsakiyar ƙafafu ya koma gefe guda, kuma girif ya ƙara nisantar da shi. Lens sai ya riƙa sunkuyawa a hankali, kyamara tana murɗewa a kan faranti, ga iskar hunturu tana kaɗa ta. Da L, kwance baki kawai za ka yi, ka juya kyamara, ka maƙala ɗaya hannun ƙarfen, nauyi yana zaune a tsakiya.

Wajen zaɓen L ne ake yawan asarar kuɗi. Hannun L da ke tsaye yana hawa ne ta hagun kyamara, ɓangaren da ramin makirfo da na HDMI suke, kuma ta wannan gefen ne tiren batir na yawancin girif yake fita. Ƙarfen da ake tallarsa da cewa yana shiga kowace kyamara sau da yawa yakan toshe su duka, kuma hannunsa gajere ne, ba ya kaiwa saitin lens. Ana tsakiyar ɗaurin aure batir ya mutu, sai ka nemo alanki ka kwance komai kafin ka canza. Wanda aka ƙera don girif ɗinka yana da taga a gefen, tire ya fita ba tare da an taɓa noti ba. Yana kuma da ɗan leɓe da ke rungumar gindin girif don kada ya juya. Robar da ake mannawa a saman faranti ba ta kai wannan leɓen riƙo ba, musamman a zafin bazara. In girif ɗinka na Meike ne ko Neewer, gwada da hannu kafin ka biya, domin gindinsu yakan ɗan bambanta da na asali.

Noti kuma a yi hattara. Ramin da ke ƙarƙashin girif na inci ne, 1/4-20, babban da ke haɗa kai da ƙafafu kuma 3/8-16. Notin M6 na wajen bakanike ko mai walda yana kama da shi sosai, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu, sannan ya cinye zaren ramin. Tsawon abin da zai shiga ciki kada ya wuce milimita 5 da rabi. In ya fi haka zai taɓo ƙarshen rami alhali faranti bai kama ba, ka yi ta ɗaurewa yana rawa.

Wajen ɗaurawa, fara da 'yar tayar murɗawar da ke haɗa girif da kyamara, ka matse ta sosai, domin yanzu mahaɗa biyu gare ka kuma ita ce mai rauni. Sannan ka zaunar da ƙarfen, leɓensa ya kama, ka ɗaure da alanki har ya tsaya, ba da ƙarfin tsiya ba. Lens mai nauyi irin 70-200 f/2.8, mai kusan kilo ɗaya da rabi, ta zoben ɗaurawa da ke jikinsa ake ɗora shi a kan sitan. Ta girif zai ja mahaɗar har ta buɗe. Kada ka sa mai a bakin kamawa, ƙura yake tarawa. Tsohon buroshin haƙori ya isa, musamman bayan tafiya a kan babur.

Gwajin kafin biya ɗan kaɗan ne. Ɗora kyamara a tsaye da lens ɗin da ka fi aiki da shi, ka kunna allo ka ƙara girman hoton har sau 10, ka saita a kan wani rubutu a bango. Jira minti biyu ka duba ko ya zame. Daga nan ka zaro tiren batir, ka soka wayar makirfo, ka buɗe allon idan mai juyawa ne, duk ba tare da ka sauke kyamarar ba. In ɗaya ya ƙi, nemi wani ƙarfen.