Birkin da ke laushi a filin tsere

Zagaye uku kawai, sai fedar birkin motata ta yi laushi kamar soso. Na canza takalmin birki, na zuba sabon man birki nau'in DOT 4, na fitar da iska, duk a banza. Ashe tsofaffin tiyon roba na man birki ne ke kumbura idan sun ɗau zafi.

Na sayo masu saƙar ƙarfe a waje, Teflon (wata roba mai jure zafi) a ciki, zaren notinsu mai girman M10x1.0, na gwada tsayinsu da tsofaffin tukuna. Kowane noti na banjo (mai rami a ciki, wanda ke ɗaure bakin tiyo), sabuwar wosha ta tagulla biyu, kada a maimaita tsohuwa. Fitar da iska na fara daga tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki. Sannan na murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ba inda tiyo ya goga.

Alhamdulillahi, zagaye goma feda na nan da tauri.